Hoton da Ya Nemo Mana Baba

Na yi aure, na haihu, har furfura ta fara leƙo mini, amma akwai wasu kwanaki da nake jin ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, su ne za su rage. Kwanakin da Babanmu ya ɓata ne a Abidjan, da yadda wani hoto da ba mu ma san an ɗauka ba ya dawo mana da shi.

A Adjamé aka haife ni, unguwar Saint-Michel, a irin gidajen hayar nan masu tsakar gida ɗaya da muke kira kur, inda famfo ɗaya ne, kowa kuma ya san abin da aka dafa a ɗakin kowa. Baba tun yana saurayi ya taho daga garinsu, can wajen Tawa. Sana'arsa turin wotro, amalanken katakon nan mai taya biyu da ake dakon kaya da shi a babbar tashar Adjamé. Buhunan doya, albasa, ayaba, akwatunan matafiya masu zuwa Yamai da Bamako, babu abin da bai tura ba. Inna kuma tana suyar ƙosai da kunu a bakin layi. Ni ce babba a ɗakinmu, na bar lakkol, wato makarantar boko, ina koyon ɗinki. Baba mutum ne mara yawan magana. In ya dawo da yamma sai ya yi wanka, ya yi salla, ya zauna a kan tabarma yana matsa gwiwoyinsa. Ba mai faɗa ba ne, amma ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba.

Shekarun nan ne da ƙasa ta rabu biyu, kowa yana ɗari-ɗari da kowa. In sunanka ya yi kama da na arewa, ko kana da tsaga a fuska, to kafin ka tsallaka gada zuwa Treichville sai ka gaji da nuna takarda. Mu da aka haifa a nan ma ba mu tsira ba, balle su Baba.

A unguwarmu akwai wata budurwa da ta ɗan girme ni, jikar wani tsoho mai sayar da goro. A Abidjan aka haifi uwarta ma, shi ya sa Faransancinta ya yi wa Hausarta nisa. In tana Hausa sai ta mayar da namiji mace, mace namiji, mu kuwa mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Tana aiki a wani shagon hoto a Treichville, hoton biki da na fasfo. Amma in ta tashi daga aiki ba gida take zuwa ba, tasha take wucewa da kyamararta a rataye, ta zauna cikin 'yan dako tana shan shayi da su. Ta yi watanni a haka. 'Yar hoto muke ce mata. Matan kur ɗinmu suna cewa aikin banza ne, wasu ma suna cewa talaucin mutane za ta kai wa Turawa su yi kallo. Ita kuwa abin da take faɗa kullum ɗaya ne: garin nan a kan bayan mutanen nan yake tafiya, amma ba wanda ya san fuskarsu.

Wata rana da hantsi ina kan keken ɗinki sai na ga mutane suna gudu daga wajen tasha. Kafin azahar labari ya cika unguwa. An fasa siton wani babban ɗan kasuwa, sai masu kaki suka zo da manyan motoci suka zagaye gefen da 'yan dako suke zama, duk wanda hannu ya kai gare shi aka jefa shi mota. Ba a tambayi wa ya yi, wa bai yi ba. An ce dai 'yan zaman banza ne marasa adireshi, a cikinsu ɓarayin suke.

Magariba ta yi Baba bai dawo ba. Inna ta rufe masa tuwonsa ta ajiye. Washegari wani maƙwabci ya turo mana wotronsa, an tsince shi a kife a bakin kwata, doyar da ya ɗauko duk an kwashe.

Daga nan ni da ƙanen Inna, Kawu, muka fara yawo. Komisariya bayan komisariya, wato ofisoshin 'yan sanda. Duk inda muka je tambayar ɗaya ce: "Ina hotonsa?" Hoton Baba guda ɗaya ne a duniya, yana jikin katinsa na zama, katin kuwa yana aljihunsa. Sai su ce to mu kwatanta shi. In ce dogo ne, baƙi, da tsaga a kumatu, da ɗan gemu. Wani mai kaki ya dube ni ya ce da Faransanci, "Yarinya, ai rabin Adjamé kika kwatanta." Sunan ma bai taimaka ba. Yadda muke faɗarsa daban, yadda aka rubuta a kati daban, a tasha kuma da laƙabi aka san shi. A lokacin na gane cewa mutum yana iya yin shekara da shekaru yana bauta wa gari, in ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba.

Inna ta daina suya. Ta zauna a ƙofar ɗaki tana jan carbi, maƙwabta suna shigowa suna ce mata "yako", kalmar jaje ta mutanen ƙasar. Ni na tsani kalmar a kwanakin nan, domin yadda suke faɗarta ya yi kama da ta'aziyya.

Ana cikin haka sai ga 'yar hoto ta shigo kur da wata babbar takarda a naɗe a hammatarta. Ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, sannu. Ina da Baba." Inna ta zabura. Sai yarinyar ta warware takardar.

Baba ne. Yana tsaye ya dafa hannuwan wotro, bayansa buhuna sun yi tsiri, zufa ta jiƙa masa gaban riga. Kuma dariya yake yi. Dariya sosai, har da haƙora, idanunsa sun ƙanƙance. Na daɗe ina kallon hoton kafin na yarda mahaifina ne. Ashe akwai wani Baba a tasha da mu 'yan gida ba mu sani ba. Inna ta sa yatsa tana shafa fuskar, sai hawaye. Ta ce, "Yaushe ya yarda kika ɗauke shi?"

"Ta daɗe tana ƙi," in ji 'yar hoto, da Hausar nan tata mai juya namiji mace. A ranar ba wanda ya yi dariya. Ta ce sai da ta gaji da roƙo ta daina, sannan wata rana shi da kansa ya kira ta ya ce ta ɗauka, amma ta bari ya gyara hula. Yana gyarawa wani abokinsa ya tsokane shi, ya fashe da dariya, ta danna.

Ba na Baba kaɗai take da shi ba. Kusan duk waɗanda aka kwashe tana da hotonsu. Da ma tana shirin baje su a wani zaure a Treichville, amma yanzu ta sake shawara. So take ta rataye su a bakin tasha, inda matan kasuwa suke wucewa.

Aka yi taro a ƙofar masallacin unguwa bayan la'asar, mu mata muna daga gefe muna ji. Dattawa suka ƙi. Shugaban 'yan dako, wani tsoho da ya tsira don ranar yana kwance da zazzaɓi, ya ce, "'Yata, ke a nan aka haife ki, ba ki san tsoro ba. Mu baƙi ne. A wannan zamani ki rataye fuskar baƙo a titi? Nuna shi kika yi wa masu nemansa." Ba ƙarya ya yi ba. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, ai an riga an kama su. Don ba a san su ba aka kama su. In mun ƙara ɓoye su, wa zai tambaya?" A ƙarshe aka tsaya a kan cewa kowane gida shi zai yanke wa kansa. Ta bi ɗaki-ɗaki tana tambaya. Wata mata ta ce ba ta yarda a fitar da na mijinta ba, 'yar hoto ba ta ja da ita ba, ta naɗe shi ta miƙa mata. Inna kuwa cewa ta yi, "Ki rataye shi inda ya fi ko'ina tsawo."

Da sassafe muka ɗaura igiyar shanya daga wani turken lantarki zuwa rumfar mai shayi, muka maƙale hotunan da maƙalan kaya. A ƙarƙashin kowanne ta rubuta abu ɗaya da Faransanci: "Kin san shi. Shi yake ɗaukar miki kaya." Da farko mutane wucewa suke, su ɗan kalla su ƙara sauri. 'Yan kamasho masu kiran fasinja suna leƙowa suna komawa. Na fara cewa a raina dattawa sun fi mu gaskiya.

Sai ga wata ƙatuwar mata cikin matan ƙabilar Guro masu sayar da kayan abinci, da zani ɗaure a ƙugu da jakar kuɗi a ciki. Ta wuce, ta dawo da baya, ta tsaya gaban hoton Baba. Ta dafa ƙirji ta ƙwala ihu: "Eh Allah! Ai tsohona ne wannan! Doyata ya ɗauko ranar! Ina ta zaginsa a raina na ce ya gudu da ita!" Ta juyo ta kama ni ta ce, "Ke 'yarsa ce? Tun ina goyon ɗan farina yake ɗaukar mini kaya, ko barkono ɗaya bai taɓa ɓata ba. Wa ya ce ɓarawo ne?"

Ihun nan nata shi ya buɗe hanya. Kafin rana ta take, mata sun cika wurin, Guro da Bawule da Jula da namu. Wannan ta ce ga wanda ya kai ta asibiti a cikin wotro ranar da naƙuda ta kama ta a kasuwa, waccan ta ce ga wanda take bar wa rumfa in za ta coci. Wasu masu kaki biyu suka zo suka ce a sauke igiyar. Matar nan ta Guro ta zauna daɓas a ƙasa ƙarƙashin hotunan ta ce sai dai su sauke da ita. Sauran mata suka zazzauna. Masu kakin suka dubi juna, suka yi 'yar magana a waya, suka tafi.

Da rana kowace mata ta ciro hoton wanda ta sani ta ɗaga sama, aka ɗunguma zuwa inda aka ji ana tsare da su. Ba wanda ya yi jifa, ba wanda ya yi zagi. Kowacce dai ta tsaya a ƙofa tana faɗin sunanta da lambar rumfarta, tana cewa ita ce shaidar wannan. Ban san me aka tattauna a ciki ba. Abin da na sani, washegari da yamma aka buɗe ƙofa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, duk sun rame, wasu ba takalmi. Har mijin matar da ta hana a rataye nasa ya fito, domin da suka tashi saki ba su tsaya zaɓe ba. Guɗa ta kaure.

Ni ina tsaye da hoton Baba ina leƙen bayan kowa. Na ƙarshe ya fito, aka rufe ƙofa. Babu Baba.

Wani abokin aikinsa da ya fito ne ya ja Kawu gefe, amma na ji abin da ya ce. Baba bai taɓa shiga motar ba. Da aka fara gudu ya gan shi ya faɗi, kansa ya bugu da bakin kwata, mutane suna bi ta kansa. Daga nan bai ƙara ganinsa ba.

Ba zan iya kwatanta komawarmu gida a ranar ba. Unguwa tana murna, ana dafa shinkafa a kur-kur, mu kuma muka shige ɗaki muka ja labule. Kawu ya fara zuwa ɗakunan ajiye gawa shi kaɗai, ya hana ni binsa. Duk ya dawo sai in dubi fuskarsa tun daga bakin ƙofa. Asibitoci kuwa da ma mun bi su, mun ba da suna a ƙofa, an duba an ce babu mai wannan suna.

'Yar hoto ba ta saki ba. Ta ce Adjamé ta gama ganin hoton, saura ƙetaren gada. Ta fasa shiga zauren da aka ba ta, ta roƙi mai wani shago kusa da kasuwar Treichville ya bar ta ta jera hotunan a jikin bangonsa ta waje. Na Baba ta sa a tsakiya, ta ƙara rubutu a ƙasa cewa ana nemansa. Ta bar aikinta ta zauna a kan benci tana gadi, in hadari ya taso ta kwashe, in an ɗauke ta mayar.

Wata safiya ina wanke-wanke sai matar da ke da kabin, wato rumfar buga waya, a bakin layinmu ta shigo da gudu tana kirana. Na karɓi wayar hannuna duk kumfa. Muryar 'yar hoto ce, Hausa ta gudu mata gaba ɗaya, da Faransanci take cewa in zo yanzu-yanzu, kada in gaya wa Inna tukuna.

Na shiga woro-woro, motar hayan nan da ake cusa mutane. A kan gada aka tsayar da mu ana duba takardu, ni kuwa ji nake kamar in fita in ruga da ƙafa. Da na isa na tarar da ita tare da wata dattijuwa mai ƙaramin gicciye a wuya da ledar lemo a hannu. Jinyar mijinta take yi a wani asibiti da ke nan Treichville, ta fito sayen lemo ne ta ga hoton. Ta ce a gadon da ke kusa da na mijinta akwai wani tsoho da wani direban tasi ya kawo ya ajiye ya tafi. Ba takarda a jikinsa, ba ya magana, ba mai zuwa wurinsa, ita take ba shi kunu da cokali.

Na ce, "Maman, kin tabbata shi ne?"

Ta ce, "Fuskar ban rantse ba, 'yata, domin ta kumbura, an kuma naɗe kan. Amma dubi nan." Ta nuna hannun Baba na hagu a hoton, inda ya dafa wotro. Ƙaramin yatsansa a lanƙwashe yake tun wani buhu da ya taɓa faɗo masa. Ta ce, "Hannun nan ni nake wanke shi kullum. Na san shi."

Ɗakin majinyatan dogo ne, gadaje jere. Tun daga nesa na hango tafin ƙafarsa, faso-fason nan da nake shafa wa man kaɗe tun ina ƙarama. Na durƙusa. Na rarrafa na kama ƙarfen gadon na ce, "Baba." Ya buɗe ido a hankali. Ya daɗe yana kallona, leɓensa yana motsi. Na kara kunnena. Abin da ya fara faɗa tun ranar da aka kawo shi, da wata murya kamar ta yaro, shi ne, "Kin ci abinci?"

Na yi kuka, na yi dariya, na rasa wanne zan tsaya a kai. Dattijuwar ta ɗaga hannu sama tana godiya da yarenta, 'yar hoto ta jingina da bango ta rufe fuska. Kyamara tana wuyanta amma ba ta ɗaga ta ba. Daga baya na tambaye ta dalili, ta ce wannan namu ne, ba na bango ba.

Aka je aka kawo Inna. Ta zauna a bakin gado ta kama ƙafarsa ta riƙe, sai ajiyar zuciya take yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya. A daren ranar na yi barcin da na manta akwai irinsa.

Baba ya warke, ko da yake maganarsa ba ta koma daidai ba, turin wotro kuma ya ƙare masa. Matan kasuwa suka ba shi gadin rumfunansu da rana, yana zaune a inuwa. 'Yan dako suka kafa ƙungiya, 'yar hoto ta yi wa kowa kati mai hoto, kowane kuma da matar kasuwa da ta tsaya masa. Ba zan ce an daina kame ba, ƙasar ta ƙara shiga wasu wahalhalun bayan haka. Amma a gefen nan na tasha ba a sake kwasar mutane kamar buhuna ba. Mijin dattijuwar nan Allah bai yi zai tashi ba. Da za a binne shi, Baba ya sa babbar rigarsa ya ce a kai shi, ya zauna a bayan cocinsu har aka gama. Har dattijuwar ita ma ta rasu, duk sallar layya sai an kai mata cinya.

Baba ya ƙara shekaru masu albarka tare da mu, ya ga jikokinsa, ya rasu a ɗakinsa muna kewaye da shi, muka san inda kabarinsa yake. Wanda bai taɓa neman nasa ya rasa ba, ba zai san girman wannan ba.

Abin da kwanakin nan suka koya mini shi ne, zalunci ya fi sauƙi a kan mutumin da ba a kallo. Ba ƙarfi ne ya fito da mutanen nan ba, ba kuma wani babba muka sani ba. Wata ce ta tsaya ta dube su da kyau tun kafin masifa ta zo, sannan ta sa gari ya dube su. Shi ya sa har yau, duk wanda ya ɗaukar mini kaya a kasuwa, ba na barinsa ya juya sai na kalli fuskarsa na tambayi sunansa, domin na san akwai masu jiransa a gida.